Neman Sabis daga Ƙanƙara zuwa Mabai

Shekaranjiya da la'asar wasu samari uku suka zauna a bencin ƙofar shagona suna jiran cajin wayoyinsu, sai na ji ɗayansu yana cewa, "Wai saka rauta ma sana'a ce? Ka cusa sim, ka jona wuta, shi ke nan." Na ci gaba da aikin da ke hannuna. Amma tunda maganar ta yawaita a bakinku, ku matasa, bari in faɗa maku yadda abin yake daga bakin wanda ya yi shi. Sunana Hamisu, a Ƙanƙara ana ce mani Malam Hamisu Mai Rauta, kuma da wuya a sami unguwa tsakanin nan da Faskari da Sabuwa da ban hau kwanon wani gida a cikinta ba.

Ni asalina mai gyaran rediyo ne, a hannun mahaifina na gada. Da wayoyi suka zo da rediyo a cikinsu, sai kasuwata ta fara bushewa kamar tafki a watan bazara. Ina da furfura a gemu na tattara na tafi Funtua wajen wani mai suna Bala, wanda na girme shi da kusan shekara goma, na ce ya koya mani aikin intanet na gida, wato saka rauta, na'urar da ke raba sabis ga wayoyin gida. Ya dube ni ya ce, "Malam, za ka iya jure in aike ka?" Na ce, "Oga, gemu ba ya hana ilimi." Tun daga ranar Oga nake ce mashi, har yau.

Aikin farko da na bi shi gidan wani dillalin auduga ne. Muna shiga na durƙusa na fara yage kwalin rautar, ina so in nuna zafin nama. Oga Bala ya ce, "Rufe. Wa ya ce maka nan za ta zauna?" Ya miƙo mani wayarsa, ya nuna mani inda ake ganin ƙarfin sabis da lamba, ba da 'yan sandunan nan da ke saman waya ba, domin su suna ƙarya. Ya sa na zaga gidan ɗaki ɗaki, taga taga, ina karanta mashi lambar. Mun fi awa ɗaya muna zagaye, mai gida yana kallonmu kamar masu neman asiri da aka binne. A ƙarshe wuri mafi kyau ya fito a saman tagar ɗakin ajiya, inda ba wanda zai yi zato. Ranar na koyi abin da ya riƙe ni har yau: rauta ba ta ƙirƙirar sabis, kamo shi take ta raba. In ka aje ta inda babu, ko ta nawa ce, akwati ce kawai mai fitila.

Wata shida na yi a wajensa. Abin da ya fi wahalar da ni shi ne ɗaura kan wayar intanet. Cikin wayar akwai 'yan siraran wayoyi takwas, kowace da launinta, kuma dole su shiga kan a jere bisa tsarinsu kafin ka matse da fulaya. Ka musanya biyu, aiki ya ɓaci, alhali a ido ba za ka ga komai ba. Na lalata kawuna cike da tafin hannu kafin yatsuna su saba. Oga Bala ba ya faɗa, sai dai ya yanke kan ya jefa a gwangwani ya ce, "Sake."

Jakata ba ta da girma. Akwai wannan fulayar matse kai, da testa mai nuna ko wayoyi takwas ɗin duk sun haɗu, da mita ta auna wuta wadda na taho da ita tun zamanin rediyo, da sukudireba biyu, da tef, da allurar ɗinki. Allurar kuwa ta danna ɗan ramin da ke bayan rauta ce, wanda in ka riƙe shi ɗan lokaci komai ya goge ta koma yadda ta fito daga kamfani. Ku yara kuna son wannan ramin ƙwarai, abu kaɗan sai ku danna. Ni kuwa shi ne abu na ƙarshe da nake taɓawa, domin wanda ya goge ba tare da ya san abin da ke ciki ba, ya rushe ɗaki ne don ya kashe ɓera. Tsani ba na yawo da shi, kowane gari akwai mai ba ni aro.

Wani malamin makaranta a Sabuwa ya taɓa kirana yana huci, wai an sayar mashi da jabu. Rautarsa tana aiki da safe lafiya lau, da rana ta tsaya sai ta ɗauke, sai bayan la'asar ta dawo. Ya riga ya canza sim sau biyu. Na je na tarar uwargidansa ta ɗinka mata riga mai kyau da leshi don kada ta yi datti, an kuma ɗora ta a saman kabad, tazarar taƙi ɗaya da kwanon rufi. Na sa hannu na ji ta kamar dutsen guga. Na cire rigar, na sauko da ita gefen taga inda iska ke shiga, na ce a jira rana. Azahar ta yi, ta wuce, ba ta ɗauke ba. Malam ya ce, "Shi ke nan gyaran?" Na ce, "Shi ke nan, Malam. Sanin inda za a duba ɗin shi ne aikin."

Duba kuwa yana da tsari, ba a fara shi daga tsakiya. Wuta tukuna. Yawancin gidajenmu da sola suke, batir kuma in ya tsufa sai ya riƙa ba da wutar da za ta kunna fitilar rauta amma ba za ta ishe ta aiki ba. Na ga wanda caja ta ɓace mashi ya jona ta wata na'ura daban don bakin ya shiga, rauta ta yi hayaƙi. Bayan wuta sai sim: akwai data, layin na raye? Sai fitilu, domin kowace da abin da take faɗa. Sai waya, ko ɓera ya ci, ko akuya ta tauna inda ta biyo gindin katanga. Sai wurin zama. Katangar ƙasa mai kauri irin ta gidajenmu na dā tana shanye sabis fiye da bulo, shi ya sa a babban gida nake jan waya in ƙara na'ura ta biyu a can ɓangaren, maimakon in yi wa mutane alkawarin da ba zai cika ba. Da damina kuma duk eriyar da na kafa a sama sai na saukar mata da waya cikin ƙasa saboda tsawa, kuma ina gaya wa mutanen gida su zare komai in hadari ya haɗo.

Hajiya Asabe ta Faskari ita ce ta koya mani cewa tsare rauta rabinsa ba aikin na'ura ba ne. Mai sayar da atamfofi ce, tana tura wa abokan cinikinta hotuna ta waya. Ta aiko aka kira ni, wai datar wata guda tana ƙarewa cikin kwana shida, kuma ranar da wata mai sayen kayan lefe ta nemi hotuna, abin ya ƙi tafiya har cinikin ya kuɓuce. Na shiga shafin sarrafa rautar ta wayata, na buɗe jerin waɗanda ke kai.

Na ce, "Hajiya, wayoyi nawa ne a gidan nan?"

Ta ƙirga da yatsu ta ce, "Huɗu. Tawa, ta Alhaji, da na 'yan matan nan biyu."

Na juya mata wayar. Ashirin da uku ne a jere.

Ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Aljanu ne?"

Na ce, "Leƙa waje ki ga aljanun."

Ta leƙa ta zaure. Jikin katangarta ta baya samari ne zaune reras, kowa ya sunkuyar da kai a waya. Kalmar sirrin da take amfani da ita ita ce wadda kamfani ya buga a ƙarƙashin rautar, wani baƙo ya ɗaga ya karanta, ya ba abokinsa, abokin ya ba gari. Ƙofar shafin sarrafawar ma tana nan da kalmarta ta asali wadda kowane mai waya ya sani. Na bayyana mata cewa asarar data ita ce ƙaramar matsala. Wanda ya shiga wannan shafi zai iya rufe ta a waje da kayanta, kuma duk ɓarnar da wani ya aikata ta layin, sunanta ne a kan sim ɗin.

Na canza kalmomin sirrin duka biyu. Na ce ta zaɓi kalma mai tsawo wadda ba lambar wayarta ba, ba sunan ɗanta ba, ta haɗa da lambobi. Na kashe maɓallin nan da ke haɗa waya ba tare da kalmar sirri ba. Na canza sunan da rautar ke nunawa, domin da sunanta ne ɓaro-ɓaro, kamar an kafa allo ana cewa ga gidan mai hali. Ina cikin tattara kaya sai ta tsayar da ni.

Ta ce, "Malam Hamisu, to maƙwabciyata fa? Ɗiyarta na karatun jinya, da wannan take duba darasi. In ta tambaye ni in ce mata me? Shekara ashirin muna zaune."

Nan ne mai cewa aikin cusa sim da jona wuta ne kawai zai tsaya. Na buɗe mata ƙofa ta biyu, wadda ake yi don baƙi, da kalmarta daban, na kuma ƙayyade mata gudu yadda ba za ta shanye na gidan ba. Na nuna wa Hajiya yadda za ta canza wannan kalmar da kanta duk lokacin da ta ga ta yaɗu. Na sa ta yi a gabana sau uku har hannunta ya faɗa. Maƙwabtaka ta tsira, ciniki ya tsira. Samarin katanga kuwa sun yi wata guda ba sa gaishe ni.

Sai shekarar da aka rufe layukan waya a yankinmu saboda matsalar 'yan bindiga. Kun san ta, kuna nan. Rana ɗaya muka wayi gari duk fitilun da na kunna a ƙananan hukumomi uku sun koma ja. Mai son kiran ɗan'uwansa sai ya hau mota ya yi tafiya mai nisa, ya tsaya bakin titi ya yi magana ya dawo. Kayana na cikin kwali ba mai tambaya. Abin da ya ciyar da gidana shi ne tsohuwar sana'a, domin mutane sun zaro rediyoyinsu daga ƙarƙashin gado suna son jin labarai, sai na koma kan teburin mahaifina da dalma da mita.

Wata rana da hantsi mutum biyu suka faka babur a ƙofar shago. Ban san su ba, kuma ba su kawo rediyo ba. Ɗayan ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon titi, ɗayan ya shigo ya zauna ba tare da an ce ya zauna ba.

Ya ce, "An ce kai ne ke kamo sabis ko a ina yake."

Na ce, "Inda yake dai. Yanzu kuwa babu."

Ya ce, "Akwai wani tudu can cikin daji. In ka hau, wani lokaci waya na kama na wata jiha. Muna so ka kafa mamu doguwar eriya, ka jawo shi ƙasa." Ya zaro damin kuɗi ya aje kan tebur, kusa da rediyon da nake gyarawa.

Gaskiya ita ce aikin mai yiwuwa ne, kuma ina da eriyoyi uku a bayan shago. Gaskiya ta biyu ita ce ba manomi ne ke neman sabis a tsakiyar wannan dajin ba a wannan lokacin. Ka ce a'a kai tsaye, ka jawo wa kanka. Ka ce to, ka zama bakin da za a riƙa kiran iyalan waɗanda aka kama. Ban taɓa kuɗin ba. Na ci gaba da juya sukudireba na ce, "Ni ban ƙi aiki ba, amma ba na yi wa mutum abin da zai cuce shi. Irin eriyar da za ta jawo daga wannan nisa, sai an ɗora ta a dogon ƙarfe, farantinta kuma fari ne yana sheƙi. A kan tudu, jirgin da ke wucewa ta sama shi zai fara gani. Kuma duk layin da ya hau kanta yana nuna inda yake. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka."

Na ƙofa ya ce wa na zaune, "Taso mu tafi." Ya ɗauki kuɗinsa, suka tada babur.

A ranar na je na shaida wa mai unguwa, washegari na ɗora eriyoyin nan uku a mota na kai wa Oga Bala ajiya a Funtua, na rufe shago na koma gyaran rediyo a zauren gidana har abin ya lafa. Wannan darasin babu shi a cikin takardar da ke zuwa a kwalin rauta. Mai wannan sana'a dole ya san wanda yake haɗawa da duniya.

Da aka buɗe layuka, aiki ya dawo har ya fi ƙarfina, amma ba ko'ina sabis ya koma yadda yake ba. A cikin wannan lokacin ne wata ma'aikaciyar jinya mai suna Tani ta kira ni daga Ibadan. 'Yar Mabai ce. Ta ce mahaifiyarta, Iya Kande, na da ciwon suga, kuma ta ji an ce wani gyambo ya fito mata a ƙafa, kowa ta tambaya sai ya ce da sauƙi. Hutu bai samu ba, hanya kuma ba ta da tabbas. Ta sayi rauta da eriya ta aiko ta mota. Ta ce, "Malam, ba hira nake so ba. Ƙafar nake so in gani da idona."

Na isa Mabai da safe. Mai gidan, mahaifinta Baba Nomau, tsoho ne da ya riƙe al'adar kakanninsa, 'ya'yansa wasu na zuwa coci wasu masallaci, kuma duk tukunya ɗaya suke ci. Ya tarbe ni da fura ya ce, "Ɗiyar nan ta cika rigima. Ana sa mata magani, ƙafa za ta warke." Na ce, "Baba, bari dai ta gani hankalinta ya kwanta."

Na zaga gidan kaf, babu ko ɗigo. Na fita bayan gida, na bi gefen gona, babu. Na hau katanga, lamba ta ɗan motsa ta koma. Sai da rana ta take na gane cewa turken sabis da ke kusa da su bai dawo aiki ba, wanda ya rage yana can ta wajen Ƙanƙara, kuma wata babbar tsamiya ce ta tsaya tsakani. Na nemi tsani na hau kan babban rumbun dawa da ke kusurwar gidan, inda ido ke wuce gefen tsamiyar. Nan lamba ta tsaya cak.

Baba ya ɗaga kai ya ce, "Kai, sauko! Ba a hawa rumbun nan sai mai gida."

Na ce, "To Baba, sabis ɗin nan yake. Ka ba ni izini in kafa sanda a gefensa, ba zan taɓa jinkar ba."

Ya dubi ɗakin matarsa, ya ce, "Kafa."

'Ya'yansa maza suka kawo doguwar gora muka haƙa rami muka kafa ta, muka ɗaure da igiya ta ɓangare uku. Na hau na riƙa juya eriyar kaɗan kaɗan, faɗin yatsa kowane juyi, ina jira lamba ta zauna kafin in ƙara. Wayar da ke tsakanin eriya da rauta ba a son ta yi tsawo, sabis na zubewa a hanya, don haka na rataye rautar a rumfar da ke kusa, na jawo mata wuta daga batirin solar gidan bayan na auna shi. La'asar sakaliya fitila ta koma kore.

Aka fito da Iya Kande kan tabarma. Na kira Tani, fuskarta ta fito. Ba ta tsaya dogon gaisuwa ba, ta ce a kwance tsumman da aka ɗaure ƙafar da shi. Na riƙe wayar kusa da ƙafar, ta ce in matsa, in juya ta wajen haske, in nuna mata ƙarƙashin yatsun. Ta ce wa yayanta ya danna wajen ya gaya mata ko Iya ta ji. Iya ba ta ji ba. Sai muryar Tani ta canza.

Ta ce, "Baba, ka ji ni da kyau. Ba gobe ba, ba jibi ba. Yanzu za a nemo mota a kai ta babban asibiti. In aka ƙara kwana biyu, ƙafar za a yanke."

Baba Nomau ya karɓi wayar daga hannuna, karo na farko da ya riƙe irinta. Ya dubi ɗiyarsa ya ce, "Kin gani da idonki?"

Ta ce, "Na gani, Baba."

Ya miƙo mani wayar ya juya ga ɗansa. "Je ka kira mai mota."

Kafin in bar gidan na sa masu kalmar sirri, na koya wa surukarsa yadda ake kashewa da kunnawa, na ja masu kunne kan hadari. A motar da ta ɗauki Iya na dawo Ƙanƙara, jakata a kan cinya.

Bayan an yi girbi, ranar wata kasuwa, ina zaune a shago sai ga tsohuwa ta doso da ƙwarya a kai, tana tafe a hankali, surukarta na biye. Iya Kande ce. Surukar ta ce tun daga tasha ake tsayar mata da babur tana ƙi. Ta sauke ƙwaryar a kan teburina, daddawa ce cike. Sannan ta zauna a benci, ta zare takalminta ta miƙo ƙafar. An cire ƙaramin yatsa, wurin ya warke sumul.

Na ce, "Iya, ai da kin hau babur ɗin."

Ta mayar da takalminta ta ce, "Ina, ɗana. So nake ka gani. Yatsu huɗu ma suna kawo mutum kasuwa."